Wutsiyar Yanyawa

A Yantala na saye ta, gangaren kogi,
inda masu dashe ke jera baƙaƙen ledoji
kamar takalma a ƙofar masallaci.
Jikka da rabi Tankari ya ce, na miƙa jikka,
ya karɓa yana dariya da haƙorinsa guda.

"Yaya sunanta?"
"'Yan boko suna da nasu, mai karya harshe.
Ni wutsiyar yanyawa nake ce mata."
Na duba: reshe bakwai, kore shar, kowanne a miƙe,
buzu-buzu, da tsini a kai,
sai ka ce yanyawa bakwai sun faɗa rami ɗaya
sun manta wutsiyoyinsu a waje.

Ni ɗiyar Adar ce.
Inda na tashi, ƙauna ruwa ce:
wanda kake so, shi kake fara miƙa wa moɗa.
Sai na riƙa shayar da ita safe da marece,
har da tsakar dare
in famfo ya tuna da mutanen Talaje.
Sati uku ta yi rawaya.
Ganyenta siri-siri ya zube kan siminti
kamar inda wanzami ya tashi.

Na rungume ta a bayan kabu-kabu, na mayar.
Tankari bai ko dubi ganye ba.
Ya cusa yatsa a ƙasa, ya zaro, ya sunsuna.
"Tsahara, kin kusa kashe ta da kirki."
Ya juye tukunya, ya nuna mini saiwa:
ƙwayoyi farare, tim-tim, kamar manyan aya.
"Ga randarta nan. Da guzurinta take tafe.
Yashin kogi kashi biyu,
takin awaki ɗaya, wanda ya shekara.
Huda gindin tukunya.
Ranar hantsi ta ishe ta;
ta azahar a Yamai, ko jaki gudunta yake.
In yatsa ya fito da danshi, ajiye butarki."

Na ajiye.
Wuya gare shi, a ga ƙasa ta bushe a wuce.
Na koya dai, gabas da dogon yaro,
inda inuwa ke sauka kafin a kira salla.
Ta soke ni sau biyu da ƙayar da ba a gani,
na ce, ashe ke ma.
Ta yi fure fari, ƙanana, sai an sunkuya.
Ta yi 'ya'ya ja, jikana Ɗanjimma ya kai hannu,
na tsinke su duka na zuba a masai:
ba kowane ja ne na baki ba.

Bazarar bana aka kwantar da ni babban asibiti.
Kwana ashirin da uku.
An tuna da kajina, an tuna da kuɗin kuran,
ba wanda ya tuna da ita.
A gado nakan ƙirga: yau ta mutu, ko gobe.

Da na dawo, ina dafa bango,
biyu sun ƙone, na yanke su daga tushe.
Biyar na tsaye.
A tsakaninsu wani sabon tsiro, siriri kamar tsinken sakace,
tukunya kuwa ta tsage har ƙasa:
saiwa ta cika ta, ta nemi hanya.
Duk kwanakin nan tana sha daga nata,
ba ta gaya wa kowa ba.

Na zauna a turmi na daɗe ina kallonta.

Jiya na wasa wuƙa, na raba ta biyu,
kowane ɓari da ƙwayoyinsa.
Ɗaya na nan, a sabuwar tukunya.
Ɗaya na cikin motar Tawa, a kwali mai huji,
zuwa wurin ƙanwata Sahiya,
da 'yar takarda ɗaure a wuya:
yashi biyu, taki ɗaya,
kuma ki so ta,
amma ki fara sa yatsa.