Abin da Iska Ta Kawo wa Tullio

A Trieste iska ma tana da suna,
Bora suke ce mata.
Daga duwatsu take gangarowa ba sallama,
ta bi lungu-lungu tana tuɓe wa maza hula
ko ba su ga wanda za su girmama ba.

Gidan Tullio Ferluga na gindin gangare,
inda katanga biyu suka haɗa kai suka yi aljihu.
Duk abin da iskar ta sato a sama
nan take yarwa, kamar ɓarawon da ya ji ihu.

Shekara arba'in da ɗaya yana tsinta.
Ni 'yar maƙwabta ce, ni ke riƙe masa tsani.

Ƙusa ɗari uku da sha bakwai a bangon falonsa,
kowace na ɗauke da kan da ba ya nan.
Ga ta matuƙin jirgin ruwa, gishiri ya cinye bakinta.
Ga baƙar doguwa mai kama da bututun hayaƙi,
tun zamanin da garin ke kai haraji Vienna.
Wannan kam ba ruwan iska,
a gwanjo ya saya,
ya ɓoye wa matarsa farashin har ta koma ga Mahalicci.
Ga malafar wata baƙuwa, furen roba ɗaya ya rage mata.
Ga jar dara, tuntunta ya tsinke.
Hana-sallah sun fi sittin,
masu tambarin ƙwallo, masu tallan taya.
Ba ya ƙaunarsu, amma bai taɓa korar ko ɗaya ba:
"Wanda iska ta kawo, ba a tambayarsa asali."
Har hular kwano akwai, ta wani mai babur,
ta gangaro da asuba tana kuwwa kamar tukunya.

Ba bayan hula yake dubawa ba.
Juya ta yake, ya leƙa ciki:
zanen gumi, farin gashi ɗaya, ƙamshin man kai,
ko jarida da aka naɗe aka cusa a gefe
don hular ta yi wa mai ita yawa.
"Wannan gado ya ci," in ji shi,
"kan ubansa ya fi nasa."

Ran Asabar ƙofa a buɗe, mai cigiya ya zo ya duba.
Tsawon shekarun nan mutum tara suka zo.
Shida sun samu, biyu sun koma hannu rabbana.
Na taran ƙarya ya yi, Tullio ya gane,
ya dubi kunnuwansa da sanyi ya mayar jajur,
ya ce, "Haka ne, taka ce."

Shi kuwa kai ba hula yake yawo,
sanƙo tal, ko ana zuba ƙanƙara.
Likita ya yi faɗa har ya gaji.

Sau ɗaya na tambaya, ina 'yar sha biyu.
Ya nuna wata ƙusa dab da taga, ba komai a kanta.
Koriya ce, ta gashin zomo,
Nives ta saya masa da albashinta na farko.
Mako biyu ya sa ta.
Suna tsaye a bakin tashar jiragen ruwa, iska ta wuce da ita.

Na ce, "Ai teku ta nufa, ba nan ba."
Ya ce, "Na sani.
Riƙe tsanin da kyau."

A Fabrairu ya rasu.
'Ya'yansa sun zo daga Milano da kwalaye,
sun ƙirga, sun ɗau hoto, sun gaza shirya wa zai ɗauki me,
suka bar mini makulli kafin su sasanta.

Daren jiya Bora ta kwana tana jijjiga tagogi.
Da safe na samu ta yaro a aljihun katanga,
ta ulu, shuɗiya, saƙar hannu,
kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo.
Na kaɗe ta. Na leƙa ciki.
Na daɗe tsaye gaban ƙusar nan ta bakin taga,

sannan na je neman guduma
da sabuwar ƙusa,
da wanda zai riƙe mini tsani.