Maganaɗisun Tobin

Ƙarfe biyun dare, hanyar Nebraska
ta miƙe sambal, ba kwana, ba gari.
Ina jan naman shanu zuwa Denver,
iska na dukan tirela ta dama,
oba-oba na tari, tana tofar da muryoyi.

Sai ga wata sabuwa, ɗanya shar:
"Tobin ne, a bayanku. Albishirinku!
Na sayi maganaɗisu, dala ɗari uku.
A bututun mai ake ɗaure shi,
wai yana jera ƙwayoyin gas sahu-sahu
su shiga inji da ladabi.
Galan ɗaya cikin biyar zai dawo aljihu."

Wayyo yaro,
ka kai tsoka dandalin kuraye.

Rusk Dolezal ya fara, mai bakin reza:
"Ɗaura ɗaya a goshi, ko ƙwaƙwalwa ta jeru."
Wani ya yi kukan jaki.
Wani ya ce, gida sun san ka fito?
Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba,
har na danna maɓalli don a ji ina yi.

Tobin shiru. Mil goma, shiru.
Fitilunsa kawai a madubina,
biyu, kamar idon wanda aka mara
bai san laifinsa ba.

Can sai Marlys Tvedt ta gyara murya,
wadda ta shekara talatin a sitiyari,
muryarta tsakuwa ce cikin gwangwani:
"Kun gama?
To, ni na sayi irinsa, har biyu,
shekarar da na binne Orval,
banki na ƙirga mini tayoyi.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi ka miƙa masa zai kama.
Ba wauta ba ce, Rusk. Bashi ne.

Tobin, ba zan ce maka ƙarya ne ba.
Nemi littafi da fensir.
Rubuta galan, rubuta mil,
nauyin kaya, da inda iska ta dosa.
Mako biyu da shi, mako biyu babu.
Tanki ba ya jin kunyar kowa."

Ba wanda ya tanka.
Ƙarar taya kawai, da dusar ƙanƙara
tana mutuwa a gilashi.

Bayan wata guda, gidan mai na Ogallala,
na gan shi: dogo, siriri, hula ta fi kai.
Ya buɗe littafin a kan teburin kofi,
lambobi a jere, tsaf, kamar haƙora.
Mil shida da ɗigo biyu a galan.
Da shi haka, babu shi haka.
Ya yi dariya, irin wadda ke fitowa ta hanci.

Marlys ta ja littafin, ta nuna da farce:
"Wannan ranar fa? Ka ga ta fi."
"Ranar ciwon ƙafa ce, ban taka totur sosai ba."
"To ga na'urarka nan," in ji ta,
"a cikin takalmi take. Kyauta.
Duba iskar taya. Kashe inji in ka tsaya."

Rusk na can ƙarshen kanta, baya gare mu.
Bai juyo ba, bai ce komai ba.
Da Tobin ya je biya, aka ce an biya.

Maganaɗisun yana nan, na gani,
manne a ƙarfen bayan kujerarsa,
yana riƙe da zanen 'yarsa:
mota ja, mai taya goma sha ɗaya
da rana a kan rufi.
Dala ɗari uku. Ya riƙe ta gam.

Ni kuwa, a ƙarƙashin gadona na mota
akwai kwalbar wasu ƙwayoyi kore
da ake jefawa a tanki.
Tun bara. Saura rabi.
Daren nan da na danna maɓalli ina dariya,
suna ta kaɗawa a bayana,
ƙacau, ƙacau, a kowane rami.