Shinge Goma

Shinge goma ne a gabana, ba wanda ke motsi.
Abin da ya sa nake son su ke nan.
Taku takwas zuwa na fari, uku-uku tsakanin sauran,
hagu ta miƙe, dama ta biyo a karkace;
kafin mai ruwan leda ya gama ƙirga canji
na isa.

Haruffa ba su da wannan amanar.
Tun ina aji biyu a Asawase
b ke aron rigar d ta fito tsakar allo,
layi ya sulluɓe ƙarƙashin yatsana kamar tarwaɗa a kwano.
Da yamma, a zauren Malam Tanimu,
ɗigon ba ya tashi ya sauka a kan nun
kamar ƙuda a bakin kofin koko.
Na haddace izu biyar da kunne,
ina bin allo da yatsa don kada a gane.

Madam Serwaa ta yi rubutu a katina da jan biro.
Inna ta kai wa tela ya karanta mata:
wai ina da ƙafa, ba ni da kai.
Inna ta ninke katin gida huɗu,
ta tokare ƙafar teburin wake da shinkafa.
Ta ce, to, ya yi amfani.

Yau ga tutar Gana a ƙirjina.
Direbobin Kejetia sun rubuta sunana a bayan mota,
sai da aka faɗa mini na sani.
Na san shi dai da surarsa, kamar gidanmu daga nesa:
Zuweira, mai farawa da walƙiya.

Ranar da masu takalma suka kawo kwantiragi, shafi tara,
na lallaɓa aljihu na ce na manta tabarau,
ni da ke hango ƙiftawar mai bindigar tashi daga layi na takwas.
Na kai wa ƙanena Mubaraku, ɗan shekara sha uku,
ya karanta mini a bayan ɗaki da fitilar waya,
yana tuntuɓe a kan kalmomin lauyoyi,
ina gyara masa, don na taɓa jin su.

A filin jirgi nakan bi jakar abokiyar tafiya.
Sau ɗaya na bi jakar da ba tata ba.
Wannan labarin sai wata rana.

Ina da ashirin da huɗu wata likita mai furfura a gira
ta sa ni gaban takardu awa biyu,
sannan ta ce abin yana da suna: disleksiya.
Na yi dariya har da hawaye.
Wane mugun ne ya raɗa wa ciwon rubutu
sunan da mai shi ba zai iya rubutawa ba?
Na fito na sayi gasasshiyar ayaba da gyaɗa,
na zauna bakin kwata na ci,
ina ba yarinyar aji biyu haƙuri.

Makon jiya tsohuwar makarantarmu ta gayyace ni.
Suka miƙo jawabi a buge, suka ɗora ni kan benci.
Na dubi takardar. Tururuwa ta soma tafiya.
Na ce: ban iya karanta wannan da sauri ba,
ban taɓa iyawa ba.
Tsit. Har kukan injin niƙa na Aboabo ana ji.

Can baya wani yaro mai tsagaggen takalmi
ya zare yatsansa daga kan littafi
ya ɗago kai.

Gobe da asuba akwai atisaye.
Koci Boakye ya daina rubuta mini jadawali,
sai ya aiko da murya.
Shingen na nan inda na bar su,
goma cif.