Ɗaki na Tara

Shekara talatin da ɗaya ina cika baho a ɗaki na tara,
nan Bohemiya, inda ƙasa ke aman ruwan zafi
mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Masu haƙar kwal kan zo da tarinsu,
su tuɓe, su nutse har wuya,
su yi tsit kamar an yafe musu bashi.

Yau jikata Zdislava ta yankar min tikiti.
Ni, tikiti!
An toshe famfo,
an rataye zane-zane inda muke shanya tawul.
Bahona na cikin gilashi
da 'yar takarda: kada a taɓa.
Hannun da ya kankare shi sau dubu
sai na cusa shi aljihu.

Ba zan ce sun yi ɓarna ba.
Rufin ya daina yoyo,
yara na koyon goge a ɗakin tausa,
wani ma ya zana ƙanƙara har na ja mayafi.

Amma da mai gadi ya juya baya
na dafa bango, saitin tsohon bututu.
Da ɗumi.
Ruwan bai ji an sallame mu ba.