Ɗaki Biyu a Kan Allo

Mushe Tanimun ya zana ɗaki biyu da alli,
ɗaya bisa ɗaya, ya bar ƙofa a tsakani.
Talata ce, bayan hutun ƙarfe goma,
a lakwal ɗinmu na gindin duwatsun Birni,
kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi.

Ya ce, ku rubuta.
Na ƙasa ɗakin ƙidaya ne,
gari mai kawuna da yawa, kujerunsa da yawa.
Na sama ba ruwansa da kai, ƙasa yake ƙirgawa:
jihar da raƙumanta suka fi mutanenta
kujerarta daidai da ta mai kasuwa bakwai.
Can furfura ake nema,
nan kuwa ƙafa mai sauri.

Doka, in ji shi, garin tuwo ce daga turmi.
A tankaɗe ta a rariya ta fari,
a miƙa wa ta biyu.
In an ga tsaki, ta koma inda ta fito,
ta yi ta kai da kawo kamar motar Magarya
har ɗakunan su yarda, ko su gaji.

Asalin abin a gurguje ya ba mu,
don allin ya kusa ƙarewa:
wata ƙasa, masu gādo ne suka ƙi tabarma ɗaya
da masu biyan haraji;
wata kuwa ƙananan garuruwa suka tsorata
kada manya su haɗiye su ba ko miya.
Maƙwabtanmu na kudu biyu gare su.

Namu fa? in ji Kyari daga bencin baya.
Ɗaya, in ji Mushe.
Ya dubi taga, ya rage murya:
shi ma akan sa masa kwaɗo.

A nan ne Barira ta shigo,
gammo bai gama barin shaida a kanta ba,
gefen zanenta jiƙe.
Tun kafin kiran assalatu take layin famfo,
jarka biyu ta samu cikin biyar.
Ta tsaya ta karanta allon har ƙasa,
ta ce, Mushe,
in ruwa ne, ta wane ɗaki zai fara bi?

Muka yi dariya. Shi bai yi ba.
Ya juya allin a hannu, ya juya,
har aka kaɗa ƙarfen tashi.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan.
Ni yanzu tiyo nake ɗaurawa, ina toshe yoyo,
gida gida, daga Zango zuwa Garin Malam.
Jiya na bi ta famfon unguwarsu da asuba,
na tarar da jarkoki jere, kowace da dutsenta,
matasa suna gardamar wa ya riga wa,
suna ɗaga hannu, ana ƙirgawa.
Can gefe, kan kututturen dogon yaro,
tsofaffi huɗu, ɗaya daga kowane lungu,
Barira a tsakiyarsu da littafi da bik.
Abin da layi ya yanke sai ya zo gabansu.
Na ji sun mai da magana baya sau biyu
saboda wata mai jego da aka manta.

Na kai wa Mushe labarin a Kasuwar Dole,
inda yake zama rumfar ƙanensa, ido ya yi rauni.
Ya saurara, ya daɗe yana murza goro.
Ya ce, yarinyar nan mai zuwa a makare?
Na ce, ita.
Ya ce, sifili na ba ta a jarrabawar nan,
ta rubuta mini tambaya a gurbin amsa.

Sai ya tambaye ni ko famfon ya kawo.
Na ce, ya yi tari sau uku,
na baro su suna jira.