Gaba Dubu Biyu

Ni mahaƙin rijiya ne, a Bagalam aka yanke cibiyata.
Shekara arba'in ina sauka cikin ƙasa da igiya a ƙugu.
Na san ruwa a gaba goma sha biyu,
na san shi a gaba talatin,
ban taɓa jin tsoronsa ba.
A Maradi ruwa abin nema ne, ba abin gudu ba.

Nomau, na ukun 'ya'yana, shi sama ya zaɓa.
Tun yana lakwal yake sulale mini zuwa filin jirgi,
ya dawo da shatar wayar shinge a goshi.
Na doke shi sau biyu. Na uku na ƙyale.

Da ya girma, aikinsa kai amana:
wani ya sayi ƙaramin jirgi a wancan ƙetaren teku,
shi zai tuƙo shi ya danƙa wa mai shi.
Ya ce, Baba, bai fi motar Tibiri tsawo ba.
Kujeru ake cirewa a ɗaure tankin mai a gurbinsu,
in zauna ni kaɗai da goran shayi,
awa goma sha biyar babu inda ƙafa za ta taka.
Na ce, in ya gaji fa?
Ya yi dariya. Dariyar uwarsa gare shi.

Daren Talata ya kira, ya tambayi gero,
ya ce Tsahara ta ajiye masa ƙuli-ƙuli mai yaji.

Abin da suka ce ya faɗa a rediyo ke nan:
mai ya ƙi gangarowa daga tankin baya.
Tanki cike, yana jin motsinsa a ƙeya,
inji kuwa ya mutu da ƙishi,
kamar mutum a bakin rijiya babu guga.
Ya faɗi inda yake, ya maimaita,
sai wata magana da ba su gane ba.
Ni na gane. Da Hausa ya yi ta.

Kwana uku suna shawagi.
Tabon mai suka gani, da taya guda.

Na ce da mutumin kamfani a tarho,
wurin nan, gaba nawa ne?
Ya yi shiru, ya yi lissafi,
ya ce dubu biyu, ko fiye.
Na kwana ina haɗa igiyoyin da na tufka tun ƙuruciya,
ƙulli bayan ƙulli,
ba su kai rabi ba.

Muka yi sahu a ƙofar gida,
liman ya yi kabbara huɗu, gabansa rairayi kawai.
Ni da unguwa ke kira in an yi rashi,
ranar ba wanda ya ce in ɗauko diga.

Damina ta zo, gulbi ya kawo.
An ce kowane ruwa teku ya nufa.
Ban sani ba. Namu yashi ke shanye shi kafin rani.
Duk da haka na je bakinsa na yi sallama.

Gobe ina da rijiya a hanyar Madarunfa.
In na cim ma ruwa zan ɗanɗana, kamar kullum.
Sai dai yanzu gishiri nake nema a ciki.