Layi Uku

Sun ba ni allon ƙarfe, kamu huɗu,
da gwangwanin farin fenti,
suka ce: sa mana tarihin kwarin nan a layi uku,
yadda direba zai karance bai taka birki ba.

Na sauka inda hanyar Tawa ke gangarawa Majiya,
duwatsun Adar sun yi mata kafaɗa dama da hagu.
Tsahara mai gabu na zaune bakin gada.
Layi uku? Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ta nuna tsamiya da haɓa:
nan raƙuman gishiri ke durƙusawa,
tona ƙasar ka lasa in kana musu.
Baƙaƙen duwatsun da kake takawa kashin tama ne,
maƙera sun ƙone dajin nan kaf
kafin a haifi kakata.
Waccan rijiyar Anaruwa ce,
gaba goma sha biyu ya haƙa shi kaɗai,
ya rasu ranar Talata, ruwa ya ɓullo Alhamis.

Layukan bedin can masu tare iska,
mijina ya dasa na uku.
Ni na yi ta ɗaukar musu ruwa da cikin fari,
ba wanda ya rubuta.
Shekarar da ambaliya ta ci tsohuwar gada
da motar albasa a kanta,
wata guda kwarin na warin miya.

Wani yaro makiyayi ya sauko daga tsauni
ya miƙo mini dutse, katantanwa a cikinsa, ta daskare.
Mushe ya ce da can teku ne nan, in ji shi.
Na dubi busasshen yashi. Teku kuma, a ina zan sa shi?

Har la'asar buroshi na bushewa a hannuna.
Sai na rubuta:
NAN NE MAJIYA.
TSAYA KA SHA RUWA.
TAMBAYI MAI GABU.

Ofishin magajin gari sun hana ni rabin kuɗina.

Bana na bi ta wurin, shekara tara ke nan.
Tsatsa ta cinye RUWA,
an ɗaure tunkiya a ƙafar allon.
Tsahara ta riga mu gidan gaskiya.
Jikarta ce zaune da faifan gabu,
wani ɗan acaɓa ya kashe inji yana saurare,
na ji rijiyar ta kai gaba ashirin.